Madalla da Uban Eshaal

Jinjina gare ka angon ƙarni, gwanin zaɓe, wanda ya fitar da danginsa kunya. Tun kaka da kakanni ake haihuwa a gidanku, ana yanka raguna ana raba goro, amma ba a taɓa samun namijin da ya tsayar da liman cak a tsakiyar raɗin suna ba sai da Allah ya kawo ka. Malamin nan ya haddace Alƙur'ani, ya sauke Ahalari da Iziyya da Risala, rabin yaran unguwa a bakinsa aka fara jin sunansu. Amma da ka miƙa masa 'yar takarda da sassafen ranar bakwai, sai ya kai ta kusa da ido, ya nesanta ta, ya goge tabarau, daga ƙarshe ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Alhaji, yaya ake faɗinsa?" Wa ya taɓa samun wannan ɗaukaka a layinku? Sanƙira kuwa, da yake shi ba ya tambaya, sai ya ɗaga murya ya sanar da cikin gida cewa an samu A'isha. Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi suka fara sa albarka, sai da ka aika yaro a guje ya gyara musu: ba A'isha ba ce, Eshaal ce. Guɗa ta tsaya a maƙoshi, aka shiga kallon juna. Madalla da kai.

Kuma ba a sama ka tsince shi ba, sai da aka sha wuya. Tun cikin yana wata biyar kai da maiɗakinka kuke raba dare a kan waya, kuna bin shafukan sunayen jarirai ɗaya bayan ɗaya, kuna watsar da duk sunan da kuka taɓa jin an kira wani da shi a Kano ko Katsina ko Damagaram. Sharaɗinku ɗaya ne tak, kuma sharaɗi ne na manya: kada a samu mai irinsa. Har Allah ya haɗa ku da wani shafi wanda ba ku san mai shi ba, ba ku san garinsu ba, ba ku san ko ya taɓa durƙusawa gaban malami ba, ya ce muku Eshaal sunan wani fure ne mai ƙamshi a Aljanna. Nan take kuka gaskata. Kyautata zato ke nan, halin mutanen kirki. Ragon da za ka yanka sai da ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, ka latsa gadon bayansa, ka taya, ka tafi, ka dawo, ka kira wanda ya san dabbobi ya sake dubawa. Sunan da yarinya za ta ɗauka har kabarinta kuwa, layi ɗaya a waya ya wadatar. Gaskiyarka, rago da kuɗi ake saye, suna kuwa kyauta ne.

Mahassada za su zo maka da zancen Larabci. Za su ce sunan nan a Pakistan da cikin masu jin Urdu ya yi kasuwa, kuma babu wani fure mai wannan suna a cikin Alƙur'ani. Za su ce duk ɗalibin da ya ɗan yi nisa a Larabci ya san kalmar da ta fi kusa da shi ita ce ish'al, wato kunna wuta, kuma tushenta ne ya zo a farkon Suratu Maryam, inda Annabi Zakariyya yake kai kukansa ga Ubangijinsa a kan tsufa da furfurar da ta mamaye kansa. Kada ka kula su. Sashen Larabci na Jami'ar Bayero yana nan, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan, malamin Islamiyyar bayan gidanka ma yana nan, kuma da ka tambayi ɗaya daga cikinsu da ya warware maka kafin shayinsa ya huce. Ka yi daidai da ba ka tambaya ba. Mai tambaya yakan ji abin da ba ya so, ga shi kuwa an riga an buga sunan a kalanda da jakunkunan rabo da kofuna, an zana shi da ruwan zinare a kan kek, mai hoto ya karɓi rabin kuɗinsa.

Babbar baiwar sunan nan ita ce yawan albarkarsa. Talaka yakan yanka rago ɗaya ya samu suna ɗaya. Kai ka yanka ɗaya ka kwashi sunaye cikin hannu. Kana cewa Ishaal, kana jan ƙarshen har numfashinka ya ƙare. Uwarta tana cewa Eshal, a gajarce, irin na 'yan boko. Gwaggonta ta ƙauye tana cewa Ishalu, domin harshen Bahaushe ba ya son barin suna tsaye a kan baƙi bai jingina masa wasali ba. Kakanta na wajen uwa, da kunnensa ya fara nauyi, ya ji kamar an ce Lisha, ya ɗauka bayan sallar lisha aka haife ta, ya riƙe hakan abinsa. 'Yar aikin gida ta ce Shalu. Ranar rigakafi ma'aikaciya ta kalli katin, ta kira abin da idonta ya nuna mata har sau uku, ba wanda ya amsa, ta tsallake zuwa na gaba, mai jego tana zaune a kan benci da jaririya a cinya har rana ta take. Malamar makarantar yara za ta zo da nata. Yarinyar ita kanta, ranar da bakinta ya buɗe, za ta zaɓi wanda ya fi mata sauƙi, kuma ba naka za ta zaɓa ba. Hausawa suka ce suna linzami ne. To kai ka ɗaura wa 'yarka wanda kowa zai ja ta inda ya ga dama, don kada a ce ka tauye wa wani 'yanci.

Dubi yadda magabata suka yi ta ɓata sunaye saboda rashin wayewa. Sunayen Musulunci sun daɗe a ƙasar Hausa, tun zamanin da Wangarawa suka iso Kano a mulkin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Maimakon su bar su yadda suka zo, sai suka yi ta juya su a baki har suka yi laushi. Khadija ta koma Hadiza da Dije, Muhammad ya koma Mamman, Abdullahi ya koma Audu, Maryam ta koma Mairo. Harafin nan mai nauyi na Larabci da ke cikin Murtada da Ridwan suka sassauta shi, aka samu Murtala da Rilwanu. Kusan kowane suna sai da suka yi masa abokin tafiya: Abubakar Garba ne, Umaru Sanda ne, Usmanu Shehu ne, Yusufu Maitama ne, Faɗimatu Binta ce, Hauwa'u Kulu ce. In kana son ganin inda wannan sakaci ya kai mu, zaro takardar naira 20 daga aljihunka. A gabanta Murtala Muhammad ne, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 zuwa 1976. A bayanta Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane, wadda duniya ba ta san ta da komai ba sai sunan ranar Lahadi da sunan garinsu. Yaro ɗan shekara uku zai faɗi sunayen nan bai yi tuntuɓe ba. Abin kunya! Sunan da mai tallar goro zai kira daidai tun karon farko, ina darajarsa take?

Sunayen gargajiya kuwa kada ma a tada zancensu, tonon asiri ne tsagwaronsa. Da ka ji an ce Tanko ka san mata ne a gabansa, Kande kuma maza ne a gabanta. Gambo ya biyo tagwaye. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Shekarau ya daɗe a ciki, Cindo yatsa shida gare shi, Azumi da Sallau da Marka da Nomau kowa ya faɗi lokacin zuwansa. Har uwar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana takan kira wanda ya tsaya mata Bawa ko Ajuji, ko mutuwa ta raina shi ta bar mata, kuma duk wanda ya ji sunan ya san hawayen da ke bayansa, ya sassauta wa matar. Da irin waɗannan sunaye Balarabe Musa ya zama gwamnan Kaduna a 1979, Ibrahim Shekarau ya mulki Kano daga 2003 zuwa 2011, Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku tana fita saboda haƙƙin mata da talakawa, har yau ga asibiti nan a Zariya yana amsa sunanta. Kai kuwa ka rufa wa 'yarka asiri ruf. Sunanta ba ya faɗin ranar da ta zo, ba ya faɗin wanda take bi, ba ya faɗin gidan da ta fito ko kakar da ta gada. Shaida ɗaya kawai yake bayarwa: lokacin da aka haife ta ubanta yana da babbar waya, kuma da data a ciki.

Sai maganar tsohuwa. Mahaifiyarka nake nufi, wadda ta yi wankan jegonka da tafasasshen ruwa safe da yamma har ta yi arba'in, ta goya ka, ta sayar da akuyarta ta biya maka kuɗin jarrabawa. Tun da aka ce matarka ta sauka an samu mace take ƙunshe da wani abu a ranta wanda kunya ba za ta bar ta ta furta ba, domin a wurinmu ba a roƙon takwara, yi wa mutum ake yi. Ta riga ta ware turmin atamfa a ƙasan akwati. Ta sa ido a kan 'yar tunkiyar da za ta ba takwararta a kiwata mata. Har ta fara tunanin sunan da za ku sakaya da shi, tunda ba za ku iya kiran nata gatsal ba: ko Ummi, ko Mama, ko Walida. Duk ka hutar da ita wannan ɗawainiya. Yarinyar ma ka hutar da ita. Ba ta da wata tsohuwa da za ta ce "wannan tawa ce", ta ɗauke ta hutu, ta ɓoye mata ƙashin nama, ta fara tara mata kayan ɗaki tun tana rarrafe, ta tsaya mata tsayin daka ranar aure. Wanda aka yi wa takwara ya ɗauki yaron a wuyansa ke nan har ƙarshen ransa, kuma kowa a dangi ya san haka. Furen da ke shafin intanet ba ya ɗinka wa kowa kayan salla.

Tsohuwa ba ta yi ƙorafi ba. Cewa ta yi, "Allah ya raya, Allah ya sa mai albarka ce." Ta gwada sunan, bai fito ba. Ta sake gwadawa, jikokinta suka tuntsire da dariya, suka saita mata waya suna cewa, "Hajiya, don Allah sake faɗa." Ta yi murmushi ta ja bakinta. Tun daga ranar "'yar nan" take ce mata, in ta so wasa ta ce "kishiyata". A nan kam yabon ya maƙale mini a wuya, ɗan'uwa. Matar da ta koya maka magana, ita ka sa aka mai da abin dariya a kan magana, a cikin ɗakinta, a gaban 'ya'yan 'ya'yanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma buhun shinkafar da kake aika mata ƙarshen wata ba ya wanke shi. Na san iyaye mata da yawa masu haɗiye irin wannan, kuma ba don bai yi musu ciwo ba suke shiru.

Amma mu koma ga yabo, tunda shi ka fi so. Abokinka na ofis ya so ya yi gasa da kai, ya sa wa ɗansa Sudais, ƙanensa kuma Shuraim, saboda ƙaunar limaman Harami. Ya yi ƙoƙari, don ya tsallake sunan yankan limamin farko, wato Abdurrahman, ya ɗauko sunan zuri'arsu, alhali Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna Allah ya fi so. Duk da haka bai kamo ƙafarka ba. Shi ya san wanda yake ƙauna, ya san muryarsa, yana iya kunna wa ɗansa karatunsa ya ce ga mai sunanka. Tsohuwar hanya ce ma ya bi, wadda ta ba mu Buhari da Tijjani da Sanusi. Sunan da ke da mai shi ai bai cika sabo ba. Naka ne cikakke, wanda ba ya komawa ga kowa.

Wani zai kawo maka tarihin Shehu Usmanu, ya ce ai shi ma ya saɓa wa al'ada. Gaskiya ne. Wajen 1793 aka haifa masa tagwaye a Ɗegel, namiji da mace. Abin da aka saba shi ne a ce Hassan da Husaina, amma ya kira namijin Hassan, macen ya kira ta Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Yarinyar ta girma ta san wadda aka nufa da ita, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru masu kai ilmi ga matan karkara, ta rasu a 1864, kuma har gobe ana haifar Asma'u ana yi mata laƙabi da Nana. Ka ga ashe sabon abu ba laifi ba ne, kuma ba wanda ya hana ka Rayyan, ƙofar Aljannar masu azumi, ko wani kyakkyawan sunan da bai yawaita a gidanku ba. Bambancinku da Shehu ɗan kaɗan ne: shi sai da ya san abin da yake sakawa. Kai ka fi shi saurin yanke shawara.

Haka mahassada za su karanto maka cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan canza suna in ma'anarsa ba ta yi ba. Wata 'yar Sayyidina Umar mai sunan da ke nufin mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Barra ya mai da ita Zainab. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib, wanda sunansa ke nufin tsauri, ya ba shi sunan da ke nufin sauƙi, mutumin ya ƙi rabuwa da abin da ubansa ya raɗa masa, kuma Sa'idu da kansa ya ba da labarin cewa tsaurin bai bar gidansu ba, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Malamai a kan haka suka ce kyautata suna haƙƙin ɗa ne a kan ubansa. In sun gama ka nuna musu shafin nan na waya, ka ce ga naka dalilin.

Ta fuskar tattalin arziki ma ƙasa na bin ka godiya. Hukumar Ƙidaya za ta rubuta Eshaal a takardar haihuwa. Makarantar firamare za ta rubuta Ishal. Wanda zai yi mata rajistar lambar NIN zai ga kamar a ɗaya ta isa. Sakandare za ta ƙara mata e a gaba, ta aika wa hukumar jarrabawa haka. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, banki kuma tun 2014 ya zo da BVN, kwamfuta kuwa ba ta san "ai duk ɗaya ne" ba, harafi guda ya isa ta rufe ƙofa. Muhammad ma, da kowa ya sani, bambancin rubutunsa ya hana mutane da yawa taɓa kuɗinsu sai da suka yi ta safa da marwa, balle sunan da mai shi ma sai ta tsaya ta tuna yadda aka rubuta shi a takardar farko. Daga nan sai kotu a yi takardar rantsuwa, sai jarida a buga sanarwar gyaran suna, sai layi, sai "ki dawo mako mai zuwa". Masu buga takardu a bakin kotu za su ci abinci, masu kafe za su ci, 'yan adaidaita za su ci, duk albarkacinka. Ƙannenka mata da ke rubuta Ayeeshart da Khadeejart da Fateemarh a Facebook su suka share hanya, amma su iyakarsu wasa da rubutu, in aka kira su da baki A'isha ce da Hadiza da Fati. Haka Usman na Katsina da Ousmane na Maraɗi: Ingilishi da Faransanci sun raba musu alƙalami, amma in uwa ta leƙo zaure ta kira, dukansu za su waiwayo. Kai ne ka haɗa biyun, ba a san rubutun ba, ba a san kiran ba.

Abu ɗaya ne ya so ya ɓata maka biki, shi ne farin jinin sunan. Hoton kek ɗin nan ya zaga WhatsApp da Instagram, masu ciki suka gani suka adana. Kafin yarinya ta shiga makaranta, sunan da kuka raba dare kuna nema don kada a samu mai irinsa ya cika gari, har malama ta koma rarrabe su da Eshaal babba da Eshaal ƙarama da Eshaal ta gidan Alhaji. Maiɗakinka ta daina gaisawa da maƙwabciyarta, wai ta sace mata suna. Nan ne na ƙara sara muku. A da, in aka sa wa jariri sunan ɗanka ko na mahaifinka, girma aka ba ka. Sai ka tashi ka je barka da turmi da sabulu, ka ce an yi mana takwara, zumunci ya ƙaru da gida ɗaya. Mutane suna son su yi tarayya a suna, shi ya sa gida guda za ka samu Muhammadu biyar, a bi su da Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, ba wanda ya ce an ƙware shi. Ku kuka gano cewa suna kadara ce, ana ɓoye ta, ana kishi a kanta, ana gaba saboda ita. Shi ya sa na cikin da ke tafe ko kakanninsa ba za su ji sunansa ba sai ranar suna, kada wata ta riga ku.

Kada ka damu, rijiyar ba ta ƙafe ba. Finafinan Indiya da muka daɗe muna kallo tun zamanin sinima, yanzu ga su nan an fassara su da Hausa, kowanne cike da sunaye. In ɗa namiji ne, ga shirin nan na Turkiyya da aka fara a 2014, Ertuğrul, sunan da ke ɗauke da harafin da su Turkawan ma ba sa furta shi yadda ido ke ganinsa. Ka ɗauko shi. Da shi ba gwaggo ba, ba kaka ba, kai kanka ba za ka iya kiran ɗanka daidai ba, kuma wannan matsayi ne da babu wanda ya taɓa kaiwa a danginku.

Sai dai ka shirya wa wata rana guda. Malamin Islamiyya zai ce kowace yarinya ta zo gobe da tarihin mai sunanta. A'isha za ta zo da nata, Hadiza za ta zo da nata, Sumayya za ta ba da labarin mace ta farko da ta yi shahada a Musulunci, Nusaiba za ta ba da labarin Uhudu, Kande ma za ta ce yayyenta duk maza ne shi ya sa. 'Yarka za ta dawo gida, ta ajiye jakarta, ta durƙusa ta ce, "Baba, ni sunan wa na ci? Mece ce ma'anarsa?" Ranar ka tabbata wayarka da caji, domin shafin da ka kwaso sunan ne kaɗai ke da amsa, in har mai shi bai rufe shi ba.